Raunin Da Ya Ƙi Warkewa: Daga Ina Ciwon Daji Yake Farawa?

Wata safiya bayan an gama yankan shinkafa, aka kawo mana wani dattijo mai kimanin shekara 60, ƙanensa yana riƙe da shi. Manomi ne a fadamar bakin kogin Kwara, nan kusa da Malanbil. Ya rame ƙwarai, fitsari yana yi masa zafi, yana kuma fita da jini har da gudaji. Na tambaye shi, "Baba, tun yaushe kake ganin jinin nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Haba likita, ai tun ina yaro muna wanka a kogi. Duk sa'o'ina sun yi jan fitsari. A lokacinmu cewa ake yi yaro ya fara zama namiji."

Muka tura shi babban asibitin Paraku. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙari a cikin mafitsararsa, ya riga ya girma. Da ƙanen ya dawo da takardun, sai ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ku faɗa mini gaskiya, wa ya yi wa yayana wannan abu?"

Babu wanda ya yi masa. Ciwon ya samo asali ne daga wani ɗan rauni da ya yi ta maimaituwa a wuri ɗaya har shekara 50. Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda haka ke faruwa, domin wanda ya gane hanyar da ciwon daji ke bi zai iya tare ta tun da nisa.

Tubalan da aka gina jiki da su

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka jikinmu yake ginanne da wasu ƙananan abubuwa masu rai da ake kira ƙwayoyin jiki. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A jikin babban mutum akwai kimanin tiriliyan 30. Fata, hanta, jini, ƙashi, kowanne da irin nasa ƙwayoyin, kowace kuma da aikinta.

Ƙwayoyin nan suna tsufa, suna mutuwa, ana maye gurbinsu. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kimanin kwana 120. Waɗanda suka shimfiɗe cikin hanji ba sa wuce 'yan kwanaki. Hanyar samun sababbi ita ce ƙwaya ɗaya ta rabu gida biyu. Wani likitan Jamus mai suna Rudolf Virchow ya koyar da wannan tun a 1858, cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa.

A cikin kusan kowace irin ƙwaya akwai wani dogon rubutu da likitoci ke kira DNA. Shi ne littafin umarninta. Shi ke gaya mata aikin da za ta yi, lokacin da za ta rabu, lokacin da za ta tsaya, har da lokacin da za ta mutu. Duk sanda ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafe littafin nan gaba ɗaya domin kowace ta samu nata. Wanda ya taɓa kwafar dogon rubutu da hannu ya san kuskure ba ya rasa shiga. Jiki yana da masu duba kwafin suna gyarawa, kuma kusan kullum suna kama kuskuren. Amma idan kwafar ta yi yawa fiye da kima, wata rana wani kuskure zai kuɓuce musu.

Abin da ƙwaya ke yi idan ta ji rauni

Abubuwa da yawa suna yi wa ƙwayoyin jiki rauni: wuta, sara, guba, hayaƙi, zafin rana, ƙwayoyin cuta, rashin isasshen jini. Ƙwayar da abin ya shafa tana da hanyoyi uku.

Ta farko, ta canza hali domin ta jure. Ku dubi tafin hannun manomi. Ƙotar fartanya tana gugarsa kullum, sai ƙwayoyin fata suka ƙaru suka yi kanta. Ku dubi damtsen ɗan dako mai sauke buhunan albasa a kasuwar Malanbil: ƙwayoyin naman sun yi ƙiba saboda nauyin aiki. Ƙafar da aka ɗaure wata biyu saboda karaya kuwa takan fito a tsotse, domin ƙwayoyinta sun ƙanƙance da rashin aiki. Akwai kuma inda ƙwaya ke sauya kama ɗungum. Cikin mafitsara a shimfiɗe yake da ƙwayoyi masu laushi, amma idan abu ya daɗe yana cin wurin, sai su rikiɗe su zama masu kauri kamar na fata. Duk waɗannan ba ciwon daji ba ne, kuma idan aka cire abin da ya jawo su, sau da yawa wurin yakan koma yadda yake.

Ta biyu, ta ji ciwo amma ta farfaɗo. Idan raunin bai yi tsanani ba kuma bai daɗe ba, ƙwayar takan kumbura na ɗan lokaci, ta gyara kanta, ta ci gaba da aiki.

Ta uku, ta mutu. Wani lokaci mutuwar ta ƙarfi ce, kamar a ƙuna ko a ƙafar da jini ya daina kai mata, ƙwayoyi su farfashe, wurin ya ruɓe. Wani lokaci kuma ƙwayar ce da kanta take ganin littafin umarninta ya lalace yadda ba zai gyaru ba, sai ta kashe kanta a tsanake, maƙwabtanta su kwashe gawar. Wannan babbar kariya ce. Mai sayar da albasa ya san dole ya tsame ruɓaɓɓiya ɗaya domin buhu ya tsira.

Bayan haka sai gyara. Wurin rauni yakan yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ya yi ciwo, saboda jini ya kawo fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta da share datti. Sannan ƙwayoyin gefe su yi ta rabuwa har su rufe gurbin. Inda ba su iya cikewa ba, sai a toshe da tabo. Abu mafi muhimmanci shi ne, da zarar wurin ya rufe sai su tsaya. Wanda ya yanke da lauje bai taɓa ganin naman ya ci gaba da tsiro bayan ya warke ba.

Inda gyara ke ɓacewa

To, idan raunin bai tsaya ba fa? Idan yau an ji, gobe an gyara, jibi an sake ji a wuri ɗaya, shekara da shekaru? Abu biyu ke faruwa. Ƙwayoyin wurin suna ta rabuwa ba hutu, wato ana ta kwafar littafin umarni, kurakurai suna ƙaruwa. Sannan sinadaran da fararen ƙwayoyi ke fesawa domin kashe cuta su ma suna ɓata rubutun ƙwayoyin da ke kusa.

Ku ɗauki misalin babur. Yana da totur, yana da birki. A littafin ƙwaya ma akwai umarnin da ke cewa "rabu", akwai mai cewa "tsaya". Idan totur ya maƙale amma birki na aiki, da sauran dama. Idan birki ma ya tsinke, babu mai tsayar da shi. Akwai wani babban birki da masana suka gano a 1979, suka sa masa suna p53. Shi ne ke tsayar da ƙwayar da ta lalace, ko ya sa ta kashe kanta. An tarar da shi a lalace cikin kusan rabin cututtukan daji na 'yan Adam.

Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai da yawa sun taru a ƙwaya ɗaya, kuma hakan yakan ci shekara 10, 20 ko fiye. Shi ya sa ciwon daji ya fi kama manya. Da farko ƙwayoyin wurin sukan fara fita daga tsari, girmansu da kamanninsu su bambanta, amma suna nan inda suke. A wannan mataki ana iya ganinsu a cire su, mutum ya tsira. Idan aka bar su, sai ɗaya ta zama mai taurin kai sosai: tana rabuwa ba iyaka, ba ta mutuwa, tana jawo jijiyoyin jini su ciyar da ita. 'Ya'yanta su taru su zama ƙari. Kafin ƙari ya kai girman ƙwayar gyaɗa, ƙwayoyin cikinsa sun kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma ya daɗe yana girma a ɓoye.

Ba kowane ƙari ne daji ba. Akwai mai zama wuri ɗaya cikin jakarsa, kamar ƙullutun kitse a ƙarƙashin fata. Na daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, shi ne mai kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi. Daga baya wasu ƙwayoyinsa su ɓalle, su bi jini ko hanyoyin kaluluwa, su je su kafa sabon gida a hanta, huhu ko ƙashi. Kafin ya bazu, magani yana da sauƙi. Bayan ya bazu, aiki ya yi wuya.

Raunukan da suka fi damunmu a nan

Tsargiya. Ita ce ta kama dattijon nan. Mai cutar yana yin fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsa su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, su fito, su huda fatar mai wanka, mai wanki, masunci ko mai dashen shinkafa. Tsutsar tana zama shekaru a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai kullum. Ƙwan yana da ƙaya. Wasu su fita da fitsari tare da jini, wasu su maƙale a bangon mafitsara su hana shi warkewa. Wani likita, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Mu da muke zaune inda kogin Sota ya haɗu da Kwara, ga kuma magudanan ruwan noman rani, ba za mu iya rabuwa da ruwa ba. Amma akwai magani, sunansa praziquantel, ana ba da shi gwargwadon tsawo ko nauyin mutum. Idan an zo rabawa a makaranta, ku bar yaranku su sha bayan sun ci abinci. Jan fitsari ba alamar balaga ba ce, a kai yaro asibiti. A kuma daina fitsari a kogi da magudana.

Ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar cutar tana shiga daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ta jini, ta aska ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita, da kuma ta saduwa. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya kawo ta. Cikin jarirai 10 da suka kamu lokacin haihuwa, kusan 9 za su zauna da ita har girma, yawanci ba tare da wata alama ba. Hanta tana da ƙoƙarin sabunta kanta, to amma yaƙin shekara 30 yakan cika ta da tabo, daga tabon kuma daji ya taso. Shi ya sa muke ganinsa a jikin magidanta masu ƙarfi 'yan shekara 35 ko 40. Akwai allurar rigakafi, kuma mafi kyau a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, a cika sauran a kan lokaci. A Gambiya an fara yi wa jarirai ita tun 1986, kuma ta rage yawan masu ɗauke da cutar ƙwarai. Mai ciki ta nemi a gwada jininta. Wajen wanzami, ko aski ne, ko ƙaho, ko kaciya, kowa da sabuwar rezarsa.

Fumfunar gyaɗa da masara. Hatsin da aka zuba a rumbu ko buhu bai gama bushewa ba yakan yi fumfuna, ita kuma tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna. Gubar tana zuwa hanta ta manne wa littafin umarni, har takan lalata birkin nan p53. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin yakan ninka sau da yawa. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol har ya bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako, a tsince ƙwayoyin da suka canza launi, suka motse ko suke ɗaci. Kada a ce asara ce a mai da su ƙuli-ƙuli ko kunun yara.

Bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta saduwa, ita ke jawo kusan duk dajin bakin mahaifa. Tana da yawa ƙwarai, matar aure mai kamun kai ma tana iya samunta, don haka ba abin zargi ba ne. A jikin yawancin mata takan tafi da kanta. A jikin wasu takan zauna ta kashe birkin ƙwayoyin wurin, kuma yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama daji, ko ƙasa da haka ga mai cutar ƙanjamau. Wannan tazara dama ce. Ungozoma ta asibiti tana shafa ruwan binega a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a magance shi tun bai zama komai ba. Mace daga shekara 30 ta je a duba ta ko ba ta jin ciwo. Akwai kuma allurar rigakafi ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ku tambaya a asibitinku.

Gyambo da tsohuwar ƙuna. Gyambon ƙafa da ya shekara yana ruwa, ko tabon ƙunar da ke yawan fashewa, na iya rikiɗewa bayan shekaru masu yawa. Idan bakinsa ya tashi ya yi tauri, ko yana zubar da jini da an taɓa, ko warinsa ya canza, a zo a duba. 'Yan'uwanmu zabiya kuma rana ce ke ƙona fatarsu kullum: su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, a ba su aikin inuwa.

Taba da giya. Hayaƙin taba yana ƙona hanyar numfashi sau da yawa a yini, garin taba da ake cusawa a baki yana cin dasashi da harshe, giya tana cin hanta da maƙogwaro. Duk ranar da mutum ya daina, jiki zai fara gyara.

Akwai kuma dajin da ke zuwa ba tare da an ga dalili ba, ko wanda ke bin jinin gida, kamar wasu daga cikin na nono. Wanda ya kamu ba laifinsa ba ne.

Alamomin da ba a jira da su

Ƙullutu a nono, wuya, hammata ko wani wuri, ko da ba ya ciwo. Miki a fata ko a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba. Jini a fitsari ko bayan gida. Zubar jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari daga gaba. Tarin da ya ƙi ƙarewa, dushewar murya, wahalar haɗiya. Rama ba dalili, kumburin ciki, idanu su yi rawaya. Ga yara: kumburin muƙamuƙi ko ciki mai girma cikin 'yan makonni, ko farin abu a tsakiyar ido. Kumburin muƙamuƙin nan, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yana da saurin girma, amma yana jin magani sosai idan an zo da wuri.

Yawancin masu waɗannan alamomi ba daji ne da su ba. Gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Maganganun da muke ji a gari

"Daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu." Abin da ke faruwa shi ne mutane suna zuwa bayan ya riga ya bazu, sai a ɗora wa aikin laifi. Ɗan naman da likita ke tsinka a kai ɗakin gwaji shi ke nuna irin ciwon da maganin da ya dace. Abin da ke ƙara ɓarna shi ne tsaga ƙari a gida, ko ɗaura masa magani mai cin nama.

"Jifa ne, ko sammu." Kun ga yadda yake farawa: tsutsa, ƙwayar cuta, guba, hayaƙi, da shekaru. Watannin da ake ɓatawa ana neman wanda ya yi, su ne watannin da ƙarin ke girma.

"Ana ɗauka." Ba a ɗaukar ciwon daji. Ku ci tare da mai shi, ku zauna kusa da shi, ku wanke masa miki.

"Ba shi da magani." Ana yanke ƙari da tiyata, ana ba da magunguna masu kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa, ana kuma gasa shi da hasken na'ura. Tun da saiwoyin gashi da cikin hanji su ma masu saurin rabuwa ne, shi ya sa gashi ke zuba, ake amai, amma sukan dawo bayan an gama. A fara da asibiti mafi kusa, ko asibitin yankin Malanbil da Karimama. Daga nan ake turawa Paraku ko Kwatano, kuma akwai cibiyoyin gashi da na'ura a Yamai da Sakkwato. Tafiyar da nisa, kuɗin da yawa, ba ma ɓoye muku. Amma cire ƙaramin ƙari ya fi araha nesa ba kusa ba a kan jinyar wanda ya bazu. Ko inda warkewa ta gagara, akwai maganin rage zafi, da wankin miki, da ziyarar 'yan'uwa, kada a bar majinyaci shi kaɗai a ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya hana kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na cututtukan daji. Dattijon nan bai samu wannan dama ba, mun dai rage masa zafi har kwanansa ya ƙare a gida cikin iyalinsa. Amma bayan sadakar bakwai ƙanensa ya dawo da yara biyar na gidan. Muka gwada fitsarinsu, uku suna da tsargiya, suka sha magani a gabanmu. Yau da dare ku ma ku tambayi yaranku launin fitsarinsu, ku duba katin rigakafin jariri, gobe da safe kuma ku buɗe buhun gyaɗa ku gani.